Jinin Ƙanina

A ɗakin jira na asibiti na ji wani direban tirela yana magana da dattijon da ke gefensa, yana riƙe da takardar gwaji.

"Baba, likita ya ce kitse ya yi yawa a jinin nan. Wai jijiyar zuciya na iya toshewa kowane lokaci."

"Subhanallahi! Sai ka kama magani, ɗana. Ƙirjin na yi maka nauyi?"

"Ba jinina ba ne. Wurin aikinmu aka ce kowane direba ya kawo gwaji. Na ji tsoron a sallame ni saboda tumbin nan, sai na turo ƙanina ya ba da nasa da sunana. Siriri ne, ko nama bai dame shi ba. Shekararsa arba'in da uku, 'ya'yansa biyar."

"Ka faɗa masa?"

"Da wane bakin? Mahaifinmu ma haka ya yanke jiki ya faɗi, yana saka takalmi."

Dattijon ya dubi tumbin direban.

"To in na siririn ke nan, naka fa?"

"Shi na zo a auna, Baba. Sau uku ana kirana, ƙafata ta ƙi tashi."