Birkin Hamani Lafiya Lau Yake

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Fasto ya ba ni minti biyar. Ku yi haƙuri, ni gaisuwa kaɗai tana cin mini goma.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Dauda, Bagobiri, direban kamiyo, babbar motar kaya. Albasa nake ɗaukowa daga garakan Tabelot zuwa nan Agadas. Amma in kun shiga unguwar Dagmanet kuna neman gidan Dauda, za ku wuni kuna yawo. Ku ce gidan Gurup. Minsharina ya samo mini sunan, wai ƙarata ɗaya da injin nan mai ba da wuta. Lokacin zafi da kowa ke shimfiɗa a tsakar gida, unguwarmu ba ta buƙatar mai gadi. Ɓarawo in ya ji ni, sai ya ɗauka soja ne sunka girke tanka.

Kuna dariya. Ni ma shekaru na yi ina dariya.

Matata Rahila, ga ta can ta sunkuyar da kai, ta sha ce mini, "Baban Tabita, ba ƙarar ke ba ni tsoro ba, shirun ne. Sai ka ɗauke numfashi ɗif kamar an shaƙe ka, can kuma ka zabura kana haki." Ni kuwa in ce mata gurup ma yana da ikon ya huta.

Ga tumbi ya riga ni shiga ɗaki. Wuya ya haɗe da kafaɗa. Ga sigari, kuma Allah ya gafarta mini, in na sauko daga duwatsu sai in kora da giya. Kullum in tashi kai na sara, baki a bushe kamar hanyar Bilma. Shayi mai ɗaci da goro ke riƙe da ni a hanya. Fasto, yau ka ji gaskiya: gyaɗa kan nan da nake yi lokacin wa'azinka, ba yarda nake yi ba.

Bara, da rana tsaka, mun taso daga Tabelot da kaya, mai albasar, wani dattijo, yana zaune gefena. Na tuna ina gangara. Abin da na tuna bayan nan, kamiyo kwance a gefen hanya, albasa na birgima cikin duwatsu, dattijon yana riƙe da hannunsa, ya karye. Barci ne ya sace ni, 'yan'uwa. Ko birkin ban taka ba.

Amma ba wannan ne babban laifina ba.

Maƙwabcina Hamani makanisiye ne, mai gyaran mota, Musulmi, Bazabarme. Katanga ɗaya ke tsakaninmu. Kun san Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, ya zage ni in zage shi, babu mai ikon yin fushi. Kwana uku kafin haɗarin shi ya duba mini birki. To da direbobi sunka kewaye ni a tasha suna tambaya, sai na ce, "Ku ma kun sani, wanda ya ba Bazabarme gyaran birki ai ya sayi likkafaninsa." Anka kwashe da dariya.

Da gangan na naɗe ƙaryar cikin wasa. Na san al'ada ta ɗaure masa baki, in ya yi fushi shi za a ga laifinsa. In kuma an kama ni, in ce wasa ne. Direbobi sun yi dariya, amma direba ba ya wasa da birki. Ɗaya bayan ɗaya sunka kwashe motocinsu. Wata biyu, garajin Hamani babu komai sai awaki masu shan inuwa. Ina wucewa in gan shi zaune yana goge ƙarafan da ba su yi datti ba, in ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini.

Wata safiya ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Bagobiri, jiya da dare na ƙirga har talatin kafin ka jawo numfashi. Na ɗauki dutse zan jefa maka, sai na ji ka taso. Ka je ka ga likita."

Na ce, "Aikin ya ƙare maka har ka koma ƙirga numfashin mutane?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Birkina lafiya lau yake, Dauda. Ni da kai mun sani."

Na ce me ya hana shi faɗa a tasha.

Ya ce, "In sun ji barci kake a hanya, wa zai ƙara ba ka kaya? 'Ya'yanka huɗu."

Ni da nake zuwa nan kowace Lahadi da rigar guga, ni na yi ƙaryar, shi ya rufa mini asiri.

Na shiga ɗaki na durƙusa. Rahila ta durƙusa kusa da ni. Ni mai dogon baki, ran nan addu'ata gajera ce: "Ya Yesu, na ci amanar maƙwabcina. Ka ba ni ƙarfin tafiya tasha." Kuma ya ba ni. Na tsaya gaban direbobi na faɗi komai, babu wasa ko ɗaya. Wani ya ce, "Gurup, ina dariyar take?" Na ce babu. Na je gidan dattijon mai albasa, shi ma na roƙe shi gafara. Daga ran nan na aje tuƙi, sai da likita ya yarda.

A Yamai sunka kwantar da ni da wayoyi a jiki har safe. Likita ya ce in na yi barci, naman maƙogwarona ne ke saki ya toshe hanyar iska, ƙiba da giya da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Jiki ya kwana yana kokawa, shi ya sa barcin ke biyo ni da rana. Ya ce hawan jinina daga nan yake, kuma in anka bar shi yana taɓa zuciya, yana kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya rubuta mini ɗan inji mai hura iska ta hanci, ku kunka haɗa hannu har na same shi, Allah ya sāka muku. Na bar giya da sigari, tumbi yana ja da baya. Rahila kuma ta ɗinka aljihu a bayan rigar barcina ta cusa goruba biyu. Ku gwada kwanciya rigingine a kan goruba, za ku tuba daga zunubin da ba ku yi ba ma.

Injin yana son wuta, kun kuwa san halin wutar garin nan. Wa ya haɗa mini shi da batir da farantin hasken rana? Hamani.

Har yau garajinsa bai cika kamar da ba. Rabin motocin sun dawo, rabi sun saba da wani wuri. Wannan nauyi yana kaina, ku sa shi cikin addu'a, ku kuma kai masa motocinku.

Shekaranjiya ya leƙo ta katanga ya ce, "Bagobiri, yanzu shirunka ke hana ni barci. Sau biyu na tashi in ji ko ka mutu."

Ban mutu ba. Godiya ta tabbata ga Yesu! In matarka ta ce numfashinka na ɗaukewa, kada ka mai da ita abin dariya, je ka ga likita. In kuma akwai sunan wani da ka ɓata, ka dogara ga Ubangiji ka je ka gyara tun yau. Wanda ya kai ni tasha zai kai ka. Amin.