Ƙasusuwan da Aka Yi wa Likkafani

A tashar mota a Sakkwato, rana ta take, mota ta ƙi cika. Malama Balkisu tana kan benci tana fifita da littafin da take koyarwa da shi, ko magana ba ta son yi. Wani tsoho da ke gefenta ya ƙura wa hoton bangon littafin ido.

"Ɗiyata, waɗanga ƙasusuwan mine ne?"

"Wata halitta ce, Baba, dangin ƙadangare amma mai fukafukai. Ba ta fi tantabara girma ba. Ta ƙare tun kafin a yi mutane, sai dai a tsinci ƙasusuwanta cikin dutse."

"Ikon Allah. Ni haƙar rijiya nike yi. Wata rana a garinmu munka fasa dutse, sai ga irinsu, 'yan mitsi-mitsi, da yatsa guda dogo."

Balkisu ta daina fifita. "Suna ina yanzu? Masana ido rufe suke neman irinsu!"

"Likkafani na yi masu, na kai maƙabarta."

"Haba Baba! Ƙadangare fa?"

"A wannan shekarar ce ambaliya ta tafi da kushewar jaririna. Da na ga 'yan haƙarƙarin nan, sai na ce ɗan wani ne, ubansa na can shina nema."

Ta ce, "Za ka iya gane wurin?"

"Duk Juma'a can nike zuwa ziyara." Ya goge zufa da hularsa. "Ki bar min shi, ɗiyata. Ba ni da wata kushewar."