Hutun Wata Guda

A ƙofar asibitin dabbobi, wani mai keken doki yana jira da dokinsa, wata tsohuwa kuma da akuyarta.

"Ɗan nan, me ya sami dokin?"

"Gwiwar ƙafar baya ce ta kumbura, Iya. Likita ya ce ya huta wata guda. Yau za a ga ko zai koma aiki."

"Ka hutar da shi kuwa?"

"Ko tsinke bai ɗauka ba. Ni nake jan keken."

"Shi ya sa kake ɗingishi."

"A'a, takalmi ne ya matse ni."

Likita ya leƙo, ya ce a ruga da dokin ya ga takunsa. Mai keke ya dubi tasa ƙafar.

"Kawo ragamar," in ji tsohuwa. "Kai riƙe min akuya."