Aƙilu Ba Ɓari Ya Yi Ba

Ina da hali guda mara kyau: kunnena ba ya zama inda na ajiye shi. A tashar Funtua, muna jiran motar Zariya ta cika, sai ya lallaɓa wurin wani dattijo ɗan Bakori da wata hajiya.

"Ƙanena ne, Aƙilu," in ji dattijon. "Shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda da inji. Ya faɗo daga babur, jini ya taru masa a ka. Yanzu wai wankin ciki za su yi masa. Namiji, Hajiya! Ɓari ya yi?"

"Haba Baba, ba irin na mata ba ne. Mijina ma mai ciwon ƙoda ne, na san zancen. Roba ake sakawa a ciki, a zuba ruwa, ya kwaso dattin ya fito."

"To injin laifin me ya yi?"

"Da maganin tsinka jini yake tafiya. In jinin kan nan ya ƙaru, ka rasa shi."

"Rai na Allah ne. Amma in koma gida a ce an yi wa ɗan babana wankin ciki? Wa zai ƙara sauraronsa a majalisa?"

"Ashe majalisa kake jinya, ba Aƙilu ba."

"Faɗi son ranki. Ni ne babba, kuma hannuna ba zai taɓa takardar amincewar nan ta asibiti ba!"

Sai wayar dattijon ta yi ƙara. Matar Aƙilu ce. Ta sa hannu tun da hantsi, har an saka robar.