Hoton Mahaifiyata a Ƙofar Asibitin Kamfanin Mai

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Habibu daga Karantina, Jidda.

Wani kamfanin mai da tankunansa ke bayan unguwarmu ya gina ƙaramin asibiti, ya ce kyauta ne ga maƙwabtansa. Ranar buɗewa aka tara mu, aka ɗauki hoton mahaifiyata tana murmushi, aka kafa shi a ƙofar.

Makon jiya tarin da warin mai ke sa ta ya tsananta, na kai ta. Ma'aikacin ya ce, "Ina iƙama?" Na ce ba ta da takardar zama, tun da ta zo Hajji ta zauna. Ya ce, "Shi ke nan, na baya ya matso." Na nuna masa hoton da ke saman kansa. Ko ɗaga ido bai yi ba.

Inna ta ja hannuna ta ce, "Mu tafi, Habibu, kada a kira mana 'yan sanda."

Ranar ɗaukar hoto ba wanda ya tambaye ta iƙama. Warin ma kullum yana shiga ɗakinta bai taɓa tambaya ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. Wa zan kai wa kuka ba tare da an kama ta an mayar da ita Najeriya ba? Har yanzu numfashi wuya yake mata.