Wanda Ruwa Ya Ci a Majigi Ya Dawo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da ƙoƙari. Ni ne Sale tela, daga Haɗeja.

Kwanakin baya aka kawo mana majigi, aka nuna fim ɗin wasu Turawa da suka hau kumbo zuwa wata duniya. Muna kallo ɗayansu, wani mai gemu, ya faɗa tafki ruwa ya haɗiye shi, 'yan'uwansa suka yi ta kuka. Can gaba kaɗan sai ga mai gemun nan zaune cikinsu yana cin abinci, kayansa a bushe, ba wanda ya ce masa ko sannu. Na tambayi mai majigin ko ya sa na baya a gaba ne, ya rantse haka fim ɗin ya zo.

Mu dai dariya muka yi. Amma maƙwabciyata Iya Hansai, wadda kogi ya ci ɗanta Garba bara ba a ga gawarsa ba, ta juyo ta ce, "Sale, ashe suna dawowa."

Tun ranar take kai tuwo bakin kogi. Jiya ta ce min Garba ya ce ta daina ajiyewa a gaɓa, ta kai masa ciki. Ruwa kuwa sai ƙaruwa yake.

Ba ta jin maganata, amma ba ta musu da rediyo. Don Allah ka kira sunanta, ka faɗa mata kuskuren masu fim ne. Ranar shirin zan zaunar da ita kusa da rediyona, in Allah Ya sa na same ta a gida.