Kwana Uku Ina Neman Takardar Babur

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sani tela ne daga Daura.

Bara yayata Hajara ta kira ni daga ƙauyensu, kusa da Kongolam: "Sani, zo ka kai ni asibiti, jikin ya ƙi." Mota ba ta shiga ƙauyen, babur kuma doka ta hana hawa sai da takardar izini. Kwana uku ina zagayen ofisoshi, wannan ya ce hoto, wancan ya ce hatimi. Na je gidan ɗan majalisarmu, maigadi ya ce, "Yana Abuja." Ranar da takardar ta fito aka binne ta.

Har yau in wayata ta yi ƙara, gabana faɗuwa yake. Malam, wakilin da bai san dokar da ta ɗaure mu ba, wa yake wakilta?